Alƙalamin Gwajin Ruwa Na Kasuwa, Shin Yana Ganin Ƙwayar Cuta?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Batagarawa. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce a daminar da ta wuce yaransa biyu sun kwanta da gudawa, ƙaramin har sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti, kuma tun daga lokacin hankalinsa bai kwanta da rijiyar gidansa ba. To ran nan ya shigo Katsina sayar da gero, sai ya tarar wani mutum ya tara jama'a a bakin kasuwa, yana riƙe da wata 'yar na'ura mai batir kamar alƙalami mai kauri. In ya tsoma bakinta a ruwa sai lamba ta fito. Ya tsoma a ruwan da ya ce daga matatar da yake sayarwa ya fito, lamba ta fito ƙarama; ya tsoma a ruwan rijiya, ta haura 400. Ya gaya wa mutane wai yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan ke nan. Daga nan ya jona wasu ƙarafa a wutar wani shago ya sa su cikin kofin ruwan rijiyar, nan da nan ruwa ya rine ya koma ja-ja baƙi-baƙi. Mai sauraronmu yana son ya sani, shin gaskiya ne wannan alƙalami yana ganin ƙwayar cuta? In ba ya gani, akwai na'urar da ke gani nan take? Kuma shi yaya zai yi da rijiyarsa?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, domin kada ka kai ga ciro kuɗin geronka: wannan alƙalami ba ya ganin ƙwayar cuta, ko guda ɗaya. Ba kuma jabu ba ne. Na'ura ce ta gaskiya mai aikinta, sai dai aikin da aka ce maka tana yi ba shi ne nata ba.

In ka duba jikinta za ka ga an rubuta haruffa uku, TDS. Abin da take aunawa shi ne yawan gishiri-gishiri da ma'adinan da suka narke a cikin ruwa, irin su gishirin miya da kanwa da farar ƙasa da sauran abin da ruwa ke kwasowa daga duwatsun da ya ratsa. A bakinta akwai 'yan ƙarafa biyu. Takan tura ɗan lantarki kaɗan daga wannan zuwa wancan, in ruwan yana da gishiri da yawa lantarkin ya wuce da sauƙi lamba ta hau, in babu lamba ta sauka. Iyakarta ke nan. Shi ya sa ruwan sama kan ba da lamba ƙarama, ruwan rijiya da na burtsatse su ba da babba, tun da su a cikin ƙasa suka kwana. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta amince da lambar da ba ta wuce 500 ba, saboda haka ita 400 ɗin da ta tsorata mutanen kasuwa ma ba ta karya doka ba.

Lokacin da nake koyarwa a firamare, kafin in shigo aikin rediyo, nakan ce wa yara kada su yarda da maganata sai sun gwada. Kai ma haka. In ka sake haɗuwa da mai alƙalamin, roƙe shi ya tsoma a ruwan da aka tafasa ya huce. Tafasa ta kashe ƙwayoyin cuta, amma lamba ba za ta sauka sosai ba, wataƙila ma ta ɗan hau, domin ruwa ya ragu gishiri ya zauna. Sa'an nan ka barbaɗa ɗan gishiri cikin ruwan matatar tasa, ka ga yadda lamba za ta yi tsalle, alhali gishirin miya bai taɓa sa wa kowa kwalara ba. In kuma aka ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan kwata a cikin bokitin ruwan sama, lamba da ƙyar za ta motsa, ga shi kuwa ruwan ya riga ya lalace.

Amma kada in zalunci na'urar. Idan rijiyoyin unguwa duk suna ba da lamba kusan ɗaya, taka ita kaɗai ta ninka tasu, ko kuwa bara tana ƙasa bana ta haura ƙwarai, wannan alama ce a bincika, domin ruwan masai da ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa shi ma yana ɗauke da gishiri. Tsokaci ne kawai, ba hukunci ba.

Su kuwa ƙarafan nan da suka rine ruwa, wannan kam rufa-ido ne. Ɗaya daga cikinsu baƙin ƙarfe ne. In lantarki ya bi ta cikin ruwa mai ma'adini, shi ƙarfen ne ke cinyewa yana zubar da tsatsa. Watau dattin da kuka gani daga jikin ƙarfen mai talla ya fito, ba daga rijiya ba. Ruwan matatarsa bai rine ba saboda an cire masa ma'adinai, lantarki ba ya ratsa shi sosai. Ko ruwan gora mafi tsada ka sa wa ƙarafan nan, in dai yana da ma'adini zai rine. Kuma a ja yara baya daga wurin, domin wutar gida ce tsirara a cikin kofi.

Yanzu mu zo kan ainihin magana. Me ya sa ganin ƙwayar cuta a ruwa yake da wuya haka?

Na farko ƙanƙanta. Ƙwayar da ake kira bakteriya, in ka jera guda 500 hanci da wutsiya, tsawonsu bai fi milimita ɗaya ba, watau ɗan tsakanin zane biyu mafi ƙanana a jikin rular 'yan makaranta. Ba a taɓa ganinsu ba sai a shekarun 1670, da wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya goge gilashi ya yi madubin da ke girmama abu. Ko bayan an gan su, sai da aka yi kusan shekara 200 kafin a yarda su ne ke kawo ciwo. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Mutane suna cewa mugun wari ne a iska. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya ga kusan duk famfo ɗaya ne, na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya da aka tona sai aka ga rijiyar tana daf da wani ramin ƙazanta, inda aka zuba ruwan wankin tsumman wani jariri mai gudawa. Abin da nake so ka riƙe a labarin nan shi ne, ruwan famfon garau yake, mutane suna yabon daɗinsa. Har akwai wata dattijuwa da ta ƙaura zuwa wata unguwa mai nisa amma kullum sai an kai mata shi a kwalba saboda ta fi son ɗanɗanonsa, ita ma ta kamu ta rasu. Saboda haka maganar da muke yi a ƙauye, wai ruwan nan fari ne tas ba shi da komai, ido ne ke ruɗinmu.

Na biyu yawan iri. Akwai ƙwayar kwalara, wadda muke kira amai da gudawa, akwai ta taifot, akwai ta atini, ga kuma waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta, masu kawo ciwon shawara da shan inna. Ba mai iya bin kowace ɗaya da gwaji a kowace rijiya. Sai masana suka yi dabara irin ta maharbi, wanda ba sai ya ga kura ba, sawunta ya ishe shi. Duk cututtukan nan hanyarsu ɗaya ce, daga bayan gida zuwa baki. A cikin hanjin kowane mutum da dabba kuwa akwai wata ƙwaya mai yawan gaske, sunanta E. coli, ana furta shi ikolai, wadda wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Yawancin irinta ba sa cutarwa. Amma in an same ta a ruwa, to an tabbata kashi ya shiga ruwan, kuma ƙofar da ta shigo ta nan kwalara za ta shigo ran da ta zo gari. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, kada a sami ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. In ka raba ledar fiya wata gida biyar, kashi ɗaya shi ne mililita 100.

Kun ga wahalar ke nan. Neman ƙwaya ɗaya a rabin kofin ruwa ya fi neman allura a cikin rumbu wuya. Hanyar da aka fi amincewa da ita har yau ita ce a bar ƙwayar ta hayayyafa har ido ya gan ta. In ta sami abinci da ɗumi, ikolai takan rabu biyu cikin kamar minti 20. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Ɗan kasuwa ya yi lissafi: cikin awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2. A lokacin ne za su taru su zama ɗigo kamar ƙwayar gero wanda za a iya ƙirgawa. Wannan jiran shi ne ke cin lokaci, kuma shi ne dalilin da ya sa duk wanda ya ce maka cikin daƙiƙa uku ya ƙirga maka ƙwayoyin cuta, ka dube shi da kyau.

A da sai an ɗauki ruwa a kwalba an kai ɗakin gwaje-gwaje a birni. Matsalar ita ce ruwan gwaji ba ya son tafiya. Ana so a sa shi cikin ƙanƙara a kai shi cikin awa 6, in ba haka ba ƙwayoyin su mutu ko su ƙaru a hanya, sakamako ya zama ƙarya. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukanmu da damina ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Saboda haka a shekarun 1980 masana a Jami'ar Surrey ta Ingila tare da ƙungiyar agaji ta Oxfam suka haɗa wani akwati mai suna DelAgua, wanda mutum ɗaya zai ɗauka ya ɗora a bayan babur. Watau maimakon a kai ruwa ɗakin gwaji, sai a kai ɗakin gwaji bakin rijiya. Yadda ake yi, ma'aikaci zai zuƙe mililita 100 ta cikin wata 'yar farar takarda mai ƙofofin da suka fi ƙwayar ƙanƙanta, ruwa ya wuce ƙwayoyi su maƙale. Sai ya ɗora takardar kan abincinsu a ɗan faranti, ya rufe cikin wata 'yar tukunya mai aiki da batir, wadda ke riƙe zafi a digiri 44. Kamar dai injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. An zaɓi wannan zafi ne domin yawancin ƙwayoyin ƙasa da na ganye ba sa jure shi, na hanji su ke girma. Bayan awa 16 zuwa 18 sai a buɗe a ƙirga ɗige-ɗige masu ruwan ɗorawa. In babu ko ɗaya, madalla. In daga 1 zuwa 10 ne, a gyara rijiya. In sun haura 100, wannan ruwa ba na sha ba ne sai an dafa ko an sa magani. Akwai wasu akwatunan irinsa na wasu kamfanoni, kuma da irinsu ma'aikatan agaji ke yawo a sansanonin 'yan gudun hijira da wuraren ambaliya.

Akwai kuma masu araha da ba sa bukatar batir ma. A 1982 masana a Indiya suka fito da wata takarda da ake sakawa a 'yar kwalba, a zuba ruwa a rufe. In ya koma baƙi cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai zargin ƙazanta. Ba ta ba da adadi, wani lokaci kuma takan zargi ruwan da ba shi da laifi. Daga Jami'ar North Carolina ta Amurka kuma aka sami wata leda mai aljihu biyar, ta kamfanin Aquagenx. A gauraya ruwa da magani a zuba, a ajiye wuri mai ɗumi, aljihun da ke da ikolai ya rikiɗe ya zama shuɗi-shuɗi kore-kore, a duba jadawali a san yawan. A bazarar Katsina zafin ɗaki ma ya ishe ta. Da hunturu ne sai an nema mata ɗumi, in ba haka ba ta yi jinkiri.

To ina masu ba da amsa nan take? Akwai su, amma kowace da gurguntakarta, kuma a nan ne nake so ku saurara da kyau.

Akwai wata mai kama da babbar wayar hannu, wadda ake kira ma'aunin ATP. Duk abu mai rai yana da wani sinadari a jikinsa da ke ba shi ƙarfi, shi ne ATP ɗin. Kun san ƙwaron nan mai walƙiya da daddare a bakin fadama, maƙesu? Masana sun ɗauki sinadarin da ke sa shi haske, in ya haɗu da ATP sai ya yi ƙyalli. A tsoma tsinke a ruwa, a cusa cikin na'ura, ta auna ƙyallin ta ba da lamba, duk cikin ƙasa da minti ɗaya. Kamfanonin abinci da na lemo suna amfani da ita don su ga ko tukwanensu sun wanku. Sai dai ba ta bambance aboki da maƙiyi. Kindirmon da muke dama fura da shi cike yake da bakteriya masu rai, su ne ma suka mai da madara kindirmo, kuma ba sa cutar kowa. Ita na'urar duk ɗaya ta ɗauke su da ƙwayar taifot.

Akwai wata kuma da ake zurawa cikin rijiya ko bokiti, tana haska wani irin haske da ido ba ya gani. In akwai ƙazantar da ƙwayoyi ke rayuwa a ciki, ruwan yakan mayar da wani ɗan haske, na'ura ta auna nan take. Masanan hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya sun gwada ta a rijiyoyin garin Kabwe na ƙasar Zambiya, suka buga sakamako a 2015, daga baya aka gwada a Indiya da wasu ƙasashen Afirka. Amfaninta shi ne ma'aikaci ya zaga rijiyoyi da yawa a yini ɗaya ya ware waɗanda ake zargi. Amma ba ta ƙirga ƙwaya ɗaya-ɗaya, kuma ruwa mai laka ko wanda man dizal ya taɓa yakan ruɗe ta. Bayan ta yi zargi, sai an koma ga akwatin ƙyanƙyasa ya tabbatar.

Sai irin gwajin da kuka ji sunansa lokacin cutar korona a 2020, PCR, wanda ke neman tambarin halittar ƙwayar kanta. Shi yana iya cewa wannan kwalara ce wannan taifot ce, cikin 'yan awoyi, kuma yanzu ana ƙera ƙananansa da za a iya ɗauka. Tsada gare shi, yana bukatar ƙwararre, kuma ko gawar ƙwayar ya samu yakan ce akwai. Shi kuma ɗan tsinken gwajin kwalara mai ba da amsa cikin kamar minti 15, wanda ma'aikatan lafiya ke amfani da shi lokacin annoba, bayan gidan maras lafiya ake gwadawa da shi, ba a tsoma shi a randa.

Don ku san abin bai tsaya kan talaka ba, a gasar Olamfik ta 2024 a birnin Paris, Faransa ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace kogin Seine don a yi ninƙaya a ciki. Aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ƙazantar birni ta kwarara cikin kogi, ikolai ta hau, dole aka ɗage wasan maza da kwana ɗaya. Hukuma tana jiran sakamakon ɗakin gwaji ne wanda ke cin kusan yini guda. Wani kamfanin ƙasar mai suna Fluidion yana da na'urar da ke ɗibar ruwa da kanta ta ƙyanƙyashe ta aika da sakamako ta waya, ita ma sai ta yi awoyi. In masu Yuro biliyan suna jiran awoyi, yaya mai alƙalami a bakin kasuwa ya samu cikin ƙiftawar ido?

Ni a ganina, in har akwai gwajin nan take da ya kamata mutanenmu su sani, to na kulorin ne. Ruwan famfon da ake turowa birnin Katsina daga madatsar Ajiwa, da na aikin Zobe ta wajen Dutsin-ma da aka ƙaddamar a 2021, ana sa masa kulorin a matata don ya kashe ƙwayoyi. Amma hanya da nisa, bututu kan fashe, wani ya ratsa ta cikin kwata, ga kuma 'yan garuwa da jarkokinsu a tsakani. Akwai wata 'yar ƙwayar magani da ake jefawa cikin ɗan ruwa. In ya yi ja-ja kamar an sirka zoɓo, da sauran kulorin a ciki yana gadi, in bai canja ba mai gadi ya tafi. Ana son a sami tsakanin 0.2 da 0.5 na miligiram a kowace lita a bakin famfo. Minti ɗaya ya isa. Mai gidan ruwan leda, da mai sayar da ruwan tanki, da mai otel, wannan ya fi musu alƙalamin gishiri amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu rijiyarka, Malam. Kafin kowace na'ura, akwai gwajin da duba-gari suke yi tun zamanin iyayenmu, da ido da ƙafa. Taka daga bakin rijiya zuwa masai, naka da na maƙwabcinka ta bayan katanga, kada ka manta da shi. Ana son mita 30, kamar taki 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Duba ko bakin rijiyar yana da gini da ya ɗaga, da daɓen siminti kewaye wanda bai tsage ba, da murfi. Duba inda ake yar da guga da igiya; in a ƙasa suke kwana inda kaji da awaki ke wucewa, to kowace safiya da hannunka kake zura ƙazanta. A kafa sanda a rataye su, kuma guga ɗaya ta rijiya, ba kowa ya zo da tasa ba. Turken dabbobi da juji su yi nisa. Ka lura yaranka da damina suka kwanta. Ba banza ba. Ruwan farko shi ke wanke gari ya kai rijiya, kuma in ruwan ƙasa ya taso masai da rijiya sukan gaisa ta ƙarƙashi. Bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Jibiya a Yulin 2018, duk rijiyar da ruwa ya haura bakinta sai an yashe ta an sa magani kafin a sha.

Ga wani abu kuma da zai ba ka mamaki. A binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 da 2017, ma'aikata sun yi yawo da kayan gwaji suna ɗibar ruwa wuri biyu: a inda ake ɗebowa, da kuma a kofin da mai gida ke sha. A bakin rijiya ko famfo, sama da 7 cikin 10 an sami ikolai. A kofi kuwa kusan 9 cikin 10. Watau akwai ruwan da ya baro famfo lafiya lau, a gida ya lalace. Randa ce a buɗe, moɗa ce da kowa ke tsomawa har da yaron da ya fito daga bayan gida, jarka ce da ba a taɓa wanke cikinta ba. Saboda haka ko da za a gwada maka ruwa, ka ce a gwada na randa ma. A rufe randa, a yi wa moɗa dogon hannu da wurin rataya, a zuba a wani kofi a sha.

In kana son gwaji na gaskiya, je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka nemi duba-gari, ko ofishin hukumar ruwa da tsabtar karkara ta jiha, RUWASSA, su nuna maka inda ake yi. Kada ka ɗebi ruwan da kanka a gorar lemo ka kai. Kwalbar gwaji sai wadda aka kashe wa ƙwayoyi, in ba haka ba dattin gorar za a auna maka. Zai fi sauƙi in kun haɗu ku da yawa ta hannun mai unguwa ko ƙungiyar manoma, a zo a bi rijiyoyin gari rana ɗaya, kuma a yi shi da damina, domin sakamakon rani ba ya faɗin halin damina.

Amma kada ka jira sakamako kafin ka kare yara. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya taɓa sosai. In ruwa yana da laka, a fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwallon zogale, a tace. Amma a sani, wannan ya kwantar da datti ne, bai gama da ƙwayoyi ba. Tsummar tacewa da ta taimaka aka kori kurkunu, har aka ba Nijeriya takardar shaidar rabuwa da shi a 2013, ta yi aiki ne saboda ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu babba ne. Bakteriya takan wuce ta ƙofar tsumma kamar akuya ta Ƙofar Ƙaura. Bayan tacewa sai a tafasa har ya yi ta ɓulɓula minti ɗaya cur. In itace ya yi tsada, a sa maganin kulorin irin WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. In shi ma babu, a cika farar gorar roba mai haske da ruwan da ya riga ya kwanta, a kwantar da ita a kan kwanon rufi ta sha rana awa 6. Ranar da hadari ya rufe sai ta yi kwana biyu. Ruwan leda kuwa a duba lambar NAFDAC, a kuma dubi inda mai shago ya jibge shi.

In kuma gudawa ta riga ta kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, na fakiti in akwai, in babu a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta dafaffen ruwa, watau cikin leda biyu na fiya wata. In bayan gidan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'a, ana tafiya ana ba shi yana kurɓa.